Shin 'Yancin Addini a Kundin Tsarin Mulki Yana Kare Waɗanda Ba Su da Addini?

Malam, tambayarka ita ce: kundin tsarin mulki yana cewa kowa yana da 'yancin addini, to ina matsayin ƙungiyoyin da su da bakinsu suke cewa ba addini suke bi ba, kamar waɗanda ba su yarda da samuwar Ubangiji ba, da masu aƙidar ɗan'adamtaka waɗanda suke gina tarbiyyarsu a kan hankali da jinƙan ɗan Adam kaɗai? Ka kuma ƙara da cewa kana ganin kamar akwai tufka da warwara a ce mutum ya ƙi addini, sannan ya zo kotu yana neman inuwar sashen da aka rubuta don kare addini.

Amsar a taƙaice ita ce sashen yana kare su a mafi yawan ƙasashen da kotunansu suka zauna a kan batun, sai dai ƙarfin kariyar ya danganta da abin da suka zo nema. Abin da muke haɗawa mu kira 'yancin addini abubuwa uku ne a wurin lauya. Akwai haƙƙin kada hukuma ta tilasta maka furta abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba, akwai haƙƙin kada a fifita waninka a kanka saboda aƙidarsa, sannan akwai togaciya, wato a ɗauke maka nauyin wata doka da ta hau kan kowa saboda bin ta zai sa ka saɓa wa imaninka. A na farko babu gardama, marasa addini suna da cikakken rabo. A na biyu ma sun yi nasara a yawancin shari'o'in da suka shigar. Na ukun ne ake ta kai ruwa rana a kansa har yau, kuma a nan ne zan fi daɗewa.

Kafin nan sai a dubi lafazin da aka rubuta, domin rabin rigimar daga lafazi take tasowa. Sashe na 18 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ambaci 'yancin tunani da lamiri da addini a jere, haka ma sashe na 18 na yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966, wadda ta yi maganar addini ko aƙida. A 1993 kwamitin da ke sa ido kan wannan yarjejeniya ya fitar da sharhinsa mai lamba 22, inda ya fayyace cewa sashen ya ƙunshi aƙidun da suka yarda da Ubangiji, da waɗanda ba su ginu a kan wani abin bauta ba, da waɗanda suke musun samuwarsa, har da haƙƙin mutum ya ƙi bin kowace. Kundin Jamus na 1949 ya fi kowa fitowa fili: sashensa na 4 ya kare shaidar addini da shaidar falsafar rayuwa a jumla ɗaya, kuma ta hanyar sashe na 140 ya ɗauko wani tanadi daga kundin 1919 wanda ya daidaita ƙungiyoyin falsafar rayuwa da ƙungiyoyin addini. Inda lafazi ya zo haka, mai aƙidar ɗan'adamtaka ba ya buƙatar ya kira kansa mai addini, domin an riga an tanadar masa ƙofarsa.

Amurka ce ta bambanta, kuma shi ya sa yawancin shari'o'in da ake karantarwa a wannan fanni daga can suke. Gyara na Farko na kundinta, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana majalisa abu biyu game da addini: kafa addinin hukuma, da hana mutane gudanar da addininsu. Kalmar addini kaɗai ya ambata. A daftarin da ɗan majalisa James Madison ya gabatar a 1789 akwai maganar haƙƙin lamiri, amma kafin a kammala muhawara an cire ta, kuma masana suna saɓani har yanzu kan ko an cire ta ne don ana ganin maimaici ce, ko kuwa da gangan aka taƙaita kariyar ga addini. Ko ma mene ne dalilin, alƙalan ƙasar sun gaji kalma guda, kuma duk wanda zai shiga sai ta cikinta. A 1890 Kotun Ƙoli ta fassara addini da alaƙar mutum da Mahaliccinsa, fassarar da ta bar mabiyin addinin Buda ma a waje, balle wanda ba shi da addini kwata-kwata.

Batun tilas ya fi bayyana a wurin rantsuwa. A 1880 mutanen Northampton a Ingila suka zaɓi Charles Bradlaugh, wanda kowa ya san bai yarda da samuwar Ubangiji ba, ya wakilce su a majalisa. Ya nemi a bar shi ya yi alkawari na lamiri a maimakon rantsuwa da sunan Allah, aka ƙi. Ya ce to zai yi rantsuwar, aka ce ba za a karɓa daga bakin wanda bai yarda da ita ba. An kore shi, an taɓa tsare shi a cikin ginin majalisar, mutanensa suka yi ta sake zaɓensa, sai a 1886 ya zauna a kujerarsa, kuma a 1888 aka yi dokar da ta halatta alkawari a madadin rantsuwa. Abin lura a labarin shi ne dokar rantsuwa ba ta taɓa hana munafuki shiga majalisa ba, domin shi zai ɗaga hannu ya faɗi duk abin da aka ce ya faɗa. Mai gaskiyar da ya bayyana abin da ke ransa shi kaɗai ta tare a ƙofa. A Amurka irin wannan ta faru da Roy Torcaso, wanda aka naɗa jami'in shaida takardu a jihar Maryland amma aka hana shi takardar kama aiki saboda ya ƙi furta cewa ya yi imani da samuwar Ubangiji, kamar yadda kundin jihar ya shar'anta. A 1961 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta bi wannan sawu a 1999, lokacin da ta ce ƙasar San Marino ta keta haƙƙin 'yan majalisar da ta tilasta wa rantsuwa a kan Linjila. Har a gidan yari ƙa'idar tana aiki: a 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta ce jihar Wisconsin ba ta da ikon tilasta wa fursuna halartar shirin daina shaye-shaye wanda aka gina a kan miƙa wuya ga Ubangiji, alhali babu wani shirin da zai zaɓa a madadinsa.

A hukuncin Torcaso akwai wani ɗan bayani na ƙasan shafi, mai lamba 11, wanda ya jawo ruɗani fiye da girmansa. A cikinsa Mai Shari'a Hugo Black ya lissafa addinan da ba sa koyar da imani da Ubangiji a ma'anar da aka saba, ya ambaci na Buda da na Tao, ya kuma sa ɗan'adamtaka mara addini a jerin. Mutane da yawa suna kawo wannan layi a matsayin hujjar cewa kotu ta yanke cewa ɗan'adamtaka addini ce. Ba a kan haka aka yi shari'ar ba, kuma maganar gefe ba ta ɗaure kotunan ƙasa kamar yadda ainihin hukunci yake ɗaure su. Ina jan hankalinka a kan wannan ne domin za mu sake cin karo da shi a gaba, a hannun waɗanda suka juya shi ya zama makami a kan makarantun gwamnati.

Yanzu sai togaciya. Dokar aikin soja na tilas a Amurka ta ɗauke wa mutum shiga yaƙi idan ƙin nasa ya samo asali daga tarbiyya da imani na addini, kuma ta fassara wannan da imani da wani Maɗaukaki wanda haƙƙinsa ya fi na kowane mahaluƙi, ta kuma cire ra'ayin siyasa da falsafa da ɗabi'ar ƙashin kai. A takardar da ake cikewa a wancan lokaci akwai tambaya ko ka yi imani da Maɗaukaki, a amsa da e ko a'a. Wani matashi mai suna Daniel Seeger ya ƙi zaɓar ko ɗaya, ya ce ya fi son ya bar tambayar a buɗe, amma ya yi imani da alheri da nagarta saboda su kansu, kuma ba zai iya kashe mutum ba. Aka same shi da laifi. A 1965 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta kafa ma'aunin da ake amfani da shi har yau: idan aƙida ta gaskiya ce a zuciyar mai ita, kuma ta riƙe a rayuwarsa irin matsayin da imani da Ubangiji yake riƙewa a rayuwar mumini, to ta shiga. Bayan shekara biyar aka zo kan Elliott Welsh, wanda ya fi Seeger tsauri, domin shi alƙalami ya sa ya soke maganar tarbiyyar addini daga takardar kafin ya sa hannu, ya ce ra'ayinsa daga karatun tarihi da ilimin zamantakewa ya fito. An yanke masa ɗaurin shekara uku, amma a 1970 kotu ta soke hukuncin. Mai Shari'a John Harlan, wanda ƙuri'arsa ta cika rinjaye, ya faɗi abin da sauran suka kauce wa faɗa: ya ce an murɗe lafazin dokar har ya fita daga ma'anarsa, amma ya goyi bayan sakin Welsh domin dokar da za ta yafe wa mai addini ta ɗaure mai lamiri irin nasa ta fifita addini, kuma kundi ya hana hakan. A ganina hujjar Harlan ce ta fi tsabta, saboda ba ta buƙatar a laƙaba wa mutum sunan da ya ƙi da hannunsa.

Sai dai waɗannan shari'o'i biyu fassarar dokar majalisa ce, ba fassarar kundi kai tsaye ba, kuma ba a jima ba kotun ta nuna iyakarsu. A 1972, a shari'ar Yoder, ta yarda Kiristoci 'yan ɗariƙar Amish su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas duk da dokar Wisconsin ta wajabta karatu har shekara 16. A cikin hukuncin Alƙalin Alƙalai Warren Burger ya ce da a ce Amish sun guji rayuwar zamani ne a kan ra'ayin falsafa, kamar yadda marubuci Henry Thoreau ya ƙaurace wa jama'a ya koma bakin tafki, da ba su sami kariya ba. A 1981 kuma, a shari'ar wani Mashaidin Jehobah mai suna Thomas da ya bar aiki saboda an mayar da shi sashen ƙera kayan tankar yaƙi, kotu ta ba shi gaskiya, amma ta ce aƙidar da ke da tushe a addini ce kaɗai sashen gudanar da addini yake karewa. Ka ga ke nan kotu guda ta buɗe ƙofa a 1970 ta kuma ɗan rufe ta a 1972, kuma har yau ba ta zauna ta ba da fassarar addini guda ɗaya tak da za ta warware wannan saɓani ba.

Wani abu ya faru a 1990 da ya rage tazarar ta hanyar da ba wanda ya zata. A shari'ar Smith, wadda ta shafi ma'aikata biyu a jihar Oregon da aka kora saboda sun sha wani tsiro mai bugarwa a ibadar 'yan asalin ƙasar, kotu ta ce dokar da ta hau kan kowa ba tare da nufin wani addini ba, kundi bai wajabta a yi wa kowa togaciya daga gare ta ba. Da wannan mai addini da mara addini suka zama ɗaya a cikin rashi. Majalisa ta mayar da martani da dokar 1993 wadda ta dawo da togaciyar, sannan da ta 2000 wadda ta shafi fursunoni da filayen wuraren ibada, kuma dukansu biyu gudanar da addini suka ambata. Saboda haka a yau tambayar ko aƙidarka addini ce ta fi nauyi a ƙarƙashin waɗannan dokoki fiye da a ƙarƙashin kundin kansa.

A fagen daidaito kuwa ƙungiyoyin marasa addini sun fi samun sa'a, domin hujjar mai sauƙi ce: abin da ka ba wancan ka ba ni, ko ka kawo dalilin bambancin. Wani fursuna a Wisconsin mai suna James Kaufman ya nemi izinin kafa zaman nazari na waɗanda ba su yarda da Ubangiji ba, kamar yadda ake barin Kirista da Musulmi da sauransu su taru. Hukumar gidan yarin ta ce wannan ba buƙatar addini ba ce, ta ƙi. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a ma'anar Gyara na Farko, matsayin da mutum ya ɗauka kan samuwar Ubangiji, ko da musu ne, ana lissafa shi kamar addini. Amma dubi yadda ta raba hukuncin: ta kori ƙorafinsa na cewa an hana shi gudanar da aƙidarsa, domin bai nuna cewa rashin taron ya tauye shi ƙwarai ba, ta kuma raya ƙorafinsa na cewa an fifita masu addini a kansa. Wannan rabon shi ne hoton dokar gaba ɗaya a taƙaice. A 2014 wannan kotu ta sake duba dokar jihar Indiana da ta ba limamai da fastoci ikon ɗaura aure ta hana jagororin ɗan'adamtaka. Jihar ta ce ai suna iya kiran ƙungiyarsu addini su sami izini. Mai Shari'a Frank Easterbrook ya ce rashin hankali ne a ba mutum haƙƙi bisa sharaɗin ya yi ƙarya game da abin da ya yi imani da shi. A Turai abin ya wuce nan, har ya kai ga kuɗi: tun gyaran 1993 kundin Beljiyam ya ɗora wa hukuma biyan albashin masu ba da nasiha na ƙungiyoyin da ba na addini ba kamar yadda take biyan malaman addinan da ta amince da su, kuma Nowe tana ba ƙungiyar ɗan'adamtaka ta ƙasar tallafi gwargwadon yawan mambobinta kamar sauran al'ummomin addini.

Tambayar da za ta biyo baya a zuciyarka ita ce: idan haka ne, ai kowa sai ya ƙirƙiro ra'ayi ya ce aƙida ce. Kotuna sun san da wannan, kuma suna da ma'auni. Abin da ba sa yi shi ne binciken ko aƙidar gaskiya ce. Tun 1944, a shari'ar Ballard, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a kawo gaskiyar imani gaban masu taya alƙali yanke hukunci, abin da ake iya bincika shi ne ko mutumin da gaske yake. Bayan ikhlasi sai a dubi nauyin aƙidar. Mai Shari'a Arlin Adams ya kawo alamomi uku a 1979 ya kuma yi aiki da su a 1981: shin tana amsa manyan tambayoyin rayuwa da mutuwa, shin cikakken tsari ce ko kuwa ra'ayi guda a kan mas'ala guda, kuma shin tana da alamomin zahiri kamar jagorori da bukukuwa. Da wannan ma'auni aka hana wani fursuna ɗan wata ƙungiya mai suna MOVE, mai kiran a guji rayuwar zamani, abincin ɗanye da ya nema. Kotun Turai kuwa tun 1982 ta ce aƙidar da za a kare sai ta kai wani mataki na ƙarfin hujja da muhimmanci da haɗuwar sassanta, kuma ta cancanci girmamawa a al'ummar dimokuraɗiyya. A kan wannan tushe wata kotun ma'aikata a Birtaniya ta yarda a 2009 cewa imanin wani ma'aikaci game da wajibcin yaƙi da sauyin yanayi yana iya zama aƙidar falsafa da doka take karewa, a 2020 kuma wata ta ce haka game da ƙin amfani da duk abin da ya fito daga dabba saboda ɗa'a. Kwatanta wannan da jihar Kalifoniya a 2002, inda wani mai irin wannan aƙida ya rasa aiki saboda ya ƙi allurar rigakafin da aka sarrafa da ƙwan kaza, kotu ta ce aƙidarsa ba addini ba ce. Aƙida ɗaya ce, amma a Birtaniya doka ta ce addini ko aƙida, a Kalifoniya ta ce addini kawai. Wanda kuwa ya zo da wasa ba ya wucewa: a 2016 wani alƙalin tarayya a Nebraska ya kori ƙarar fursunan da ya ce yana bautar dodon taliya mai tashi sama, ya ce wannan shaguɓe ne da aka ƙirƙira don sukar koyar da addini a ajin kimiyya.

Akwai kuma tarko a cikin nasarar, wanda ƙungiyoyin da kansu ba kullum suke hango shi ba. Kalmar addini sau ɗaya ta zo a Gyara na Farko, kuma ita ce take ɗauke da hani biyun. Idan ɗan'adamtaka addini ce a wurin neman kariya, to addini ce kuma a wurin hana hukuma yaɗa ta. Wasu iyaye a jihar Alabama sun kama wannan zare, suka kafa hujja da ɗan bayanin nan na shari'ar Torcaso, suka ce littattafan makarantun gwamnati suna koyar da addinin ɗan'adamtaka tunda suna maganar tarihi da tarbiyya ba tare da ambaton Ubangiji ba. A 1987 Mai Shari'a Brevard Hand ya ba su gaskiya ya haramta littattafai 44, amma a cikin shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Darasin shari'ar shi ne a bambanta abu biyu da sunansu ya yi kama: hukumar da ta kame bakinta kan addini, da aƙidar da take cewa addini ƙarya ne. Malamin da ya koyar da lissafi bai ambaci Allah ba bai yi wa'azin komai ba. Wanda ya tsaya gaban aji ya ce babu Allah ya keta kundi daidai da wanda ya tilasta wa yara addu'a. Kotun Ƙolin Kanada ta bayyana wannan a 2015, lokacin da ta hana magajin garin Saguenay buɗe zaman majalisar gari da addu'a bayan ƙorafin wani mazaunin garin mara addini. Ta ce kamewar hukuma ba goyon bayan rashin imani ba ne, domin an hana ta fifita shi kamar yadda aka hana ta fifita imani.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan 'yanci yana ba mara addini ikon share addini daga idonsa. A 2011 babban zauren kotun Turai ya yarda cewa ra'ayin wata uwa mai son makaranta ba ruwanta da addini aƙida ce da ta cancanci girmamawa, amma duk da haka ya bar Italiya ta ci gaba da rataye gicciye a azuzuwa. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen biyar a kan huɗu, ta halatta addu'a a buɗe zaman majalisar wani gari a jihar New York, kusan akasin abin da maƙwabciyarta Kanada za ta yanke bayan shekara ɗaya. Sannan duk inda aka je ana raba abin da ke cikin zuciya da abin da ake aikatawa. Na farko ba a taɓa shi ko a lokacin dokar ta-ɓaci a ƙarƙashin yarjejeniyar 1966. Na biyu ana iya iyakance shi da doka idan ya zama dole don tsaron jama'a, ko zaman lafiya, ko lafiyar jiki, ko ɗa'a, ko haƙƙin wasu. Wannan iyaka tana kan mumini da mara addini daidai wa daida.

Ra'ayina a kan mas'alar togaciya, tunda ka nemi in faɗa, shi ne masu cewa addini na musamman ne suna da hujja mai nauyi da bai kamata a raina ba. Mumini yana ganin umarnin da yake bi daga wajen kansa ya zo, daga Wanda ya fi hukuma iko, kuma saɓa masa yana da sakamako har bayan mutuwa, don haka halin da doka take jefa shi ya bambanta da na mai ra'ayi kawai. Ga kuma tsoron cewa idan kowane lamiri ya zama dalilin togaciya, kowa zai zama doka ga kansa. Amma idan na dubi Welsh, wanda ya zaɓi kurkuku a kan ya ɗauki bindiga kuma ya ƙi rubuta kalma ɗaya ta ƙarya da za ta fitar da shi, ba na iya cewa abin da ya ɗaure shi ya fi na mumini sauƙi. Alƙali ba shi da ma'aunin da zai auna asalin umarni, ko daga sama yake ko daga zuciya. Abin da yake iya gani shi ne ikhlasi, da nauyin aƙidar, da irin cutarwar da togaciyar za ta jawo wa wasu. Idan aka tsaurara waɗannan ukun a kan kowa, tsoron rikici ya ragu ba tare da an ware kowa ba. Kuma mai addini yana da maslaha a nan fiye da yadda yake zato, domin hukumar da aka ba ikon tantance wace aƙida ce ta cancanci suna addini, gobe za ta iya juya wannan iko a kan ɗariƙar da ba ta da rinjaye. Ba banza ba ne hukuncin Turai da aka fi ambata wajen kare marasa addini, na Kokkinakis a 1993, ya fito daga ƙarar wani dattijo Mashaidin Jehobah da Girka ta hukunta saboda wa'azi. A cikinsa ne kotu ta ce wannan 'yanci kadara ce mai daraja ga mumini, haka ma ga mai musu da mai shakka da wanda bai damu ba.

Game da tufka da warwarar da ka ambata, tana nan ne kawai inda kundi ya bar kalma ɗaya ta ɗauki kayan kalma biyu. Kanada ta rubuta lamiri da addini tare a kundin haƙƙoƙinta na 1982, kuma ga yadda hakan ya yi aiki a hannun alƙali. Wani fursuna mai suna Jack Maurice yana karɓar abinci mara nama a gidan yari saboda yana bin ɗariƙar Hare Krishna ta addinin Hindu. Daga baya ya bar ɗariƙar, amma ya ci gaba da ganin cin nama laifi ne a lamirinsa, sai hukumar gidan yarin ta janye abincin, ta ce yanzu ba shi da addinin da zai jingina buƙatar da shi. Mutumin bai sauya ba, abin da yake ƙi bai sauya ba, kuɗin da ake kashewa a kan farantinsa ma bai sauya ba. Sunan da ke rubuce a takardarsa ne kaɗai ya ɓace. A 2002 kotun tarayya ta umarci a mayar masa da abincinsa a ƙarƙashin 'yancin lamiri, ba tare da ta nemi ya koma ɗariƙar da ya bari ko ya kira ƙin cin namansa addini ba.